Me ya sa canza kalmar sirri ɗaya ke cin lokaci a babbar kwamfuta?

A ina manhajojin tafiyar da kwamfuta na Unix da Linux ke ajiye bayanan masu asusu?

Sunayensu na cikin fayil ɗin /etc/passwd, kowa da layinsa. Kalmomin sirrin kuma, bayan an rikiɗa su yadda ba sa karantuwa, suna cikin /etc/shadow. Rubutu ne zalla, salon da aka gada tun shekarun 1970, lokacin da masu raba kwamfuta ɗaya ba su taka kara sun karya ba.

To ina matsalar take?

Layukan ba tsawonsu ɗaya ba. Idan layin wani ya ƙaru da harafi uku, babu inda za a cusa su sai an ture duk abin da ke ƙasa. Shi ya sa manhajar da ke yin gyaran ke kwafe fayil ɗin gaba ɗaya, ta saka gyaran, sannan ta ɗora sabon a gurbin tsohon. Dabarar tana da kyau, domin ko wuta ta ɗauke ana cikin aiki, tsohon yana nan lafiya lau. Amma a yi lissafi. A ce jami'a tana da asusu 50,000, kowane layi bait 100 (kusan harafi 100), wato megabait 5. Idan aka ƙara sababbin ɗalibai 10,000 ɗaya bayan ɗaya da useradd, umarnin buɗe sabon asusu, sai an rubuta fiye da gigabait 50 saboda bayanin megabait 1 kacal. Wannan asara ce tsagwaronta.

Me ya sa wasu ke ganin saƙon cewa fayil a kulle yake?

Mutum biyu ba za su yi gyara lokaci guda ba, don kada aikin ɗaya ya shafe na ɗayan. Wanda ya riga zuwa ya kulle, saura su jira. A Linux, lckpwdf, wato tsarin da ke kulle fayil ɗin, kan jira daƙiƙa 15 kafin ya haƙura. Ranar da aka tilasta wa kowa canza kalmar sirri, nan layi ke tsawo.

A FreeBSD, wani dangin Unix, fa?

Can ana gina rumbun bayanai, wato pwd.db da spwd.db, daga fayil ɗin asusu na master.passwd da umarnin pwd_mkdb. Nemo suna ya yi sauri, amma sake gina rumbun bayan kowane gyara nauyi ne babba. Zaɓin -u na umarnin yana sabunta bayanin mutum ɗaya kawai.

Mece ce mafita?

A haɗa aiki wuri guda: a Linux, umarnin newusers (na buɗe asusu da yawa) da chpasswd (na canza kalmomin sirri da yawa) kan karɓi dubban layuka a lokaci guda, kuma suna iya rubuta su sau ɗaya. In kuwa asusu sun kai dubun-dubata, ra'ayina shi ne a bar fayil a koma LDAP, wato rumbun asusu na tsakiya da ake samu ta hanyar sadarwa, inda gyaran mutum ɗaya ba ya taɓa na sauran, a sa SSSD, mai haɗa kwamfuta da rumbun, ya riƙe kwafi a kowace kwamfuta. Asusun root dai, wato na mai cikakken iko a kan kwamfutar, a bar shi a /etc/passwd, don a samu shiga ranar da hanyar sadarwa ta yanke.