Baiko Ba Ɗaurin Aure Ba Ne

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu a Jidda ta ce mini, "Ai an yi musu baiko, Malam, me ya rage?" Maganar jikarta take yi, wadda saurayi ke ɗauka a mota bayan isha'i su tafi bakin teku, yana riƙe da hannunta. Wannan fahimta ta daɗe a cikinmu, kuma tana damuna ƙwarai.

A shari'a, baiko alkawari ne kawai. Ko an kai kuɗin gaisuwa, an raba goro da alewa, har an sa rana, yarinya ba ta halatta gare shi ba. Abin da aka yarje masa shi ne ya gan ta, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Mugira bin Shu'uba ya dubi wadda zai aura, su kuma zanta a gaban muharraminta. Keɓewa kuwa, hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari da Muslim ya hana ta, balle runguma ko sumba.

A ganina, abin da muke gani wurin Larabawan nan ne ya ƙara rikita mu. Su "milka" suke yi, wato cikakken ɗaurin aure da waliyyi da shaidu biyu da sadaki, sai a jinkirta biki, wani lokaci har watanni. Na ce mata, "Hajiya, irin waɗannan mata da miji ne, tarewa kaɗai ta rage musu. Baikonmu kuwa in ya watse, ba saki, ba idda, kowa ya kama gabansa."