Waiwaye: Azumin da ciniki ya tsaya

Tun da alƙaluman masu kamuwa da korona suka sake hawa a Najeriya a watan Disamban 2020, maganar kulle ta dawo bakin mutane. Ranar 21 ga Disamba 2020 aka sanar da rufe wuraren shagali da taƙaita taruka na mako biyar, aka kuma ce makarantu su dakata har zuwa 18 ga Janairu 2021. Daga nan gardama ta kaure a gidajen rediyo da majalisun unguwa, har cikin a-daidaita-sahu. Masu son a sake kulle suna nuna maka asibiti da maƙabarta. Masu cewa kada a kuskura suna nuna maka tukunya. Wasu kuma tambayarsu guda ce: tallafin ƙananan 'yan kasuwa da ake ta faɗa a rediyo, wa ya gani?

Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Abin da ke damuna shi ne yadda dukkansu ke magana kamar kasuwa ƙyaure ce kawai, in an rufe ciniki ya tsaya, in an buɗe ya ci gaba daga inda ya tsaya. A lokacin da nake wannan rubutu, farkon 2021, an buɗe kasuwannin Kano wata da watanni ke nan, amma duk wanda ke shiga Kantin Kwari ya san akwai tebura da yawa da masu su ba su dawo ba, akwai kuma waɗanda suka dawo a matsayin yaran wasu.

Farkon labarin kowa ya san shi. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja na mako biyu, aka ƙara wasu biyun. Kano ta samu nata na farko ranar 11 ga Afrilu, ta shiga kulle daren 16 ga wata. Ranar 27 ga Afrilu, da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi jawabi ya sanar da cewa za a fara sassauta wa Legas da Abuja daga 4 ga Mayu, a jawabin ne aka ɗora wa Kano kullen mako biyu, daga baya aka tsawaita. Ba kuwa a banza ba. A makonnin nan masu haƙar kabari sun ga abin da ba su saba gani ba, dattawa da malamai da manyan ma'aikata suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da hukumomin lafiya suka yi daga baya ya danganta rabin mace-macen ko fiye da cutar. Duk mai cewa korona ƙarya ce bai yi zaman makoki a Kano cikin Afrilun nan ba.

Cutar kuma ba ta tarar da kasuwa a tsaye da ƙafa biyu ba. Shekaru ke nan masaƙun Bompai da Sharada da Challawa, da na Kakuri a Kaduna, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da a da za su karɓi albashi a ƙarshen wata suka koma neman na yau a ci yau, su da 'ya'yansu. Atamfa da shadda da yadin da ake sayarwa a Kwari suka koma zuwa daga Sin da Dubai da Indiya, wato farashinsu ya rataya a wuyan dala. An sha karayar tattalin arziki a 2016, shekarar da gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar Sabon Gari. Tun watan Agustan 2019 iyakokin ƙasa na rufe, baƙin Maraɗi da Damagaram da Chadi da Kamaru sun ragu. Sannan a farkon 2020 masana'antun Sin suka tsaya, farashin ɗanyen mai ya rikito, naira ta bi shi.

Duk wannan an faɗe shi, an rubuta. Abin da ban cika jin ana tsayawa a kansa ba shi ne kalanda. An kulle Kano saura kwana takwas a ɗauki azumi. An fara azumi ranar Juma'a 24 ga Afrilu, aka yi Ƙaramar Sallah ranar Lahadi 24 ga Mayu. Watan nan gaba ɗayansa a cikin kulle ya faɗa.

Wanda ba ɗan kasuwa ba zai ɗauka wata ɗaya ne cikin goma sha biyu. Ga mai sayar da tufafi da tela da mai surfani da mai hula da mai takalmi, azumi shi ne kakarsu. Sauran watannin ana lallaɓawa ne a samu na cefane. A azumi ake fitar da kuɗin hayar shago, a biya bashin shekara, a aurar da 'ya, a ƙara jari. Kuma shirinsa ba a ranar ganin wata ake farawa ba. Tun Rajab manyan 'yan kasuwa suke shigo da kaya, a Sha'aban su rarraba wa na ƙasa da su.

Yadda ake rarrabawar shi ne ƙashin bayan maganar. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya haura shekara ashirin yana da tebur a Kwari. Bai taɓa cin bashin banki ba. Yana da maigida mai shago a bene, wanda zai ba shi bandir-bandir na yadi da shadda da turamen atamfa ba tare da ya ajiye ko sisi ba. A rubuta a littafi, shi ke nan. Kawu ya sayar, duk mako ya kai abin da ya samu, kafin Sallah ya cika balas, abin da ya rage nasa ne. Shi ma yana da nasa mutanen, 'yan sari daga ƙauyukan Jigawa da Katsina da Bauchi, da matan da ke kai atamfa gida-gida, waɗanda yake ba kaya a kan amana su biya bayan sun sayar. Daga bene har zuwa kasuwar ƙauye, kaya na gangarawa, kuɗi na haurawa, ba takardar lauya, ba jingina. Sanayya ce ke riƙe da komai, da tsoron kada sunan mutum ya ɓaci.

A Sha'aban ɗin 2020 kawu ya ɗauki kaya fiye da yadda ya saba, don an ce kaya za su yi wuya saboda abin da ke faruwa a Sin. Ya raba kusan rabi ga 'yan sarinsa. Sai aka kulle gari. Da aka fara sassautawa a farkon Mayu, ranakun Litinin da Alhamis ne daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, don a sayi abinci. Ko da ma an buɗe masa teburin, masu saye ba za su iso ba, domin an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, kuma ba a ɗage hanin ba sai 1 ga Yuli. Kwari kuwa ba da Kanawa kaɗai take rayuwa ba. Motocin Sakkwato da Maiduguri da Yola da Jos su ne jininta.

Na je gaishe shi wajen goma ga azumi, na bi ta lungu. Na same shi a zaure da littafinsa a buɗe a cinya. Gidansa mutum goma sha ɗaya ne. Ya ce mini kuɗin da ya ware zai kai wa maigida na cinikin makon ƙarshe, su ya fara taɓawa ya sayi gero da sukari. Na ce, "Kawu, ai lalura ce, zai gane." Ya ce, "Ɗana, zai gane mana. Amma shi ma wani ke binsa, kuma da dala." Bai ƙara cewa komai ba, ya rufe littafin.

Maganar tasa ta tabbata. Sallah ta zo ta wuce, ba hawa, ba yawon Sallah irin na da, yara da yawa da tsofaffin kaya suka yi ta. Da kasuwa ta buɗe sosai, kayan Sallah sun zama kwantai. Atamfa da leshi yayi gare su, zanen da ake rububi a Afrilu ba lallai a kalle shi a Yuli ba. Kawu ya karyar da abin da ke hannunsa don ya rage bashi. 'Yan sarinsa wasu suka kawo rabi, wasu suka dawo da kayan, biyu har yau wayarsu ba ta shiga. Ban ce macuta ba ne, su ma abin da ya ci shi ne ya ci su. Maigida kuma, da ya juya zai sake oda, ya tarar naira ta faɗi, kuɗin da a da ke cika kwantena yanzu ba ya cikawa. Sai ya yi abin da kowa zai yi a matsayinsa, ya ce daga yanzu kuɗi hannu, sai ga mutum biyu-uku da ya fi yarda da su. Wannan kalma ta "kuɗi hannu" ta bi layi-layi, kuma a ganina ita ta fitar da mutane daga kasuwa fiye da kwanakin kullen kansu.

Irin wannan ya faru a cikin gidaje, inda babu mai ɗaukar hoto. Matan da ke yin ƙosai da awara da kunu da zoɓo su ma azumi ne lokacinsu, kuma jarinsu adashi ne. Akan tsara kwasa ta faɗo dab da azumi ko dab da Sallah. Adashi kuwa ba ya jure tsayawar zubi. Mace uku cikin goma su kasa zubawa mako biyu a jere, zagayen ya tsinke. Waɗanda suka riga suka kwasa sun cinye a abinci, na ƙarshen layi sun zuba wata da watanni sun tashi a tutar babu. Uwar adashi ta rasa ta cewa. A unguwarmu akwai maƙwabta biyu da suka shekara goma suna zubi tare, yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa su. An yi asarar kuɗi, an kuma yi asarar abin da ake tara kuɗin da shi.

Tela kuma, wanda a goman ƙarshe yake kwana a shago da janareta har ya ɗauko yaran haya su taya shi, a azumin 2020 da wuri yake rufewa. Bayansa akwai mai surfani da mai guga da mai sayar da zare, da ɗan dako da mai shayin bakin kasuwa.

Tallafi ya zo, ba a ce bai zo ba. Tun cikin Maris Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ga magidanta da ƙananan masana'antu. A watan Yuni aka amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, a cikinsa akwai asusun biliyan 75 na ceto ƙananan sana'o'i da aka buɗe neman shiga cikinsa a Satumba. An biya albashin ma'aikatan wasu makarantu masu zaman kansu da ƙananan kamfanoni, an ba masu sana'ar hannu da direbobi naira 30,000, an yi wa wasu rajistar sunan kasuwanci kyauta. Na san waɗanda suka samu, kuma ya yi musu rana.

Sai dai duk kuɗin da zai fito daga asusun hukuma dole ya bi ta takarda, ko a wace ƙasa ce. Ana buƙatar asusun banki da lambar BVN, wani lokaci da takardar rajista da jerin sunayen ma'aikata, a kuma cike ta intanet. Binciken da aka yi a 2018 kan mu'amala da cibiyoyin kuɗi ya nuna kusan mutum shida cikin goma na manyan Arewa maso Yamma ba sa cikin kowane irin tsari. Wasu kuma da suka cika sharuɗɗan sun ja baya da jin cewa rancen na da kuɗin ruwa. Kawu ba shi da rajista, ba shi da ma'aikaci ko ɗaya a rubuce, duk da cewa gida kusan goma ke ci ta dalilin teburinsa. Wannan tazara tsakanin kasuwar da ke tafiya da amana da tsarin da ke tafiya da takarda ta girmi korona nesa ba kusa ba. Mun zauna da ita shekaru ba ta dame mu ba, domin amanar na aiki. Ranar da amanar ta yi rauni ne muka waiga muka ga babu wani abu a bayanta. Mu ma 'yan kasuwa da 'ya'yansu muna da namu kason a nan, don mun daɗe muna ganin rajista da banki a matsayin wahalar da ba dole ba.

Shi ya sa idan na ji ana jayayya a kan a kulle ko kada a kulle, nake so a ƙara da tambayar yaushe, da kuma wa ke riƙe da kayan wa a lokacin. Mako biyu a Safar ba ɗaya yake da mako biyu a Ramadan ba. Idan lafiya ta tilasta a sake taƙaita zirga-zirga, kuma tana iya tilastawa, sanarwar da ta zo kafin a raba kaya ta fi wadda za ta zo bayan kaya sun bazu ƙauyuka sauƙi. Idan kuma za a sake raba tallafi, ƙungiyoyin kasuwa da shugabannin layi da iyayen adashi sun san wanda ya karye da wanda bai karye ba, suna da shi a rubuce cikin littattafansu, ko da ba irin rubutun da kwamfuta ke karɓa ba ne.

A watan Nuwamban 2020 aka tabbatar ƙasar ta sake shiga karayar tattalin arziki. A tsakiyar Disamba aka buɗe wasu iyakoki, ciki har da Illela da Maigatari, baƙin Nijar sun fara leƙowa. A lokacin da nake wannan rubutu, azumi mai zuwa, na 2021, ana sa ransa tsakiyar Afrilu, wato nan da 'yan makonni manyan Kwari za su fara lissafin abin da za su shigo da shi da wanda za su ba. Kawu ya gama biyan maigidansa a watan jiya, bayan ya sayar da filin da ya saya wa babban ɗansa. Na tambaye shi ko bana zai ɗauki kaya kamar da. Ya ce zai hau benen bayan Juma'a ya gaishe shi, ya ji ko sunansa na nan a littafin.