Waiwaye: Yadda zancen zuciya ya shigo cikin horar da matasa masu fafutukar yanayi

A watan Nuwamba na 2013, ana buɗe taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Warso na ƙasar Foland, jagoran tawagar Filifins, Yeb Saño, ya karɓi makirfo. Kwana uku kafin nan guguwar Haiyan ta ragargaza garin Takloban, mahaifar danginsa, daga baya aka ƙirga gawa sama da 6,000 a faɗin ƙasar. Yana cikin jawabi muryarsa ta sarƙe, hawaye suka zubo, ya ce ba zai sa abinci a bakinsa ba har sai taron ya haifar da abin kirki. Matasa da dama da suka je taron suka bi shi azumin. Zaure ne da aka saba jin lissafi da muhawara a kan saƙa da layi na yarjejeniya, ba a saba ganin wakilin gwamnati yana kuka a cikinsa ba.

Kafin wannan lokaci, horar da matashi mai fafutukar yanayi aikin kai ne zalla. A koya masa yadda hayaƙin kwal da fetur ke riƙe zafi a sama, yadda ake karanta daftarin yarjejeniya, yadda ake tsayawa gaban ɗan jarida a faɗi magana cikin minti ɗaya. Tun taron Riyo na 1992, inda wata yarinya 'yar Kanada mai shekara 12, Severn Cullis-Suzuki, ta yi wa manya faɗa, ana gayyato yara su yi jawabi, a tafa musu, a sallame su. Sai a 2009 aka ba matasa kujerarsu ta kansu a tattaunawar, ƙarƙashin sunan YOUNGO.

Zancen adalci kuwa ba daga zauren taro ya fito ba. Ya fito ne daga wuraren da ake haƙo arziki ana bar wa mutane dauɗa. A nan gida Ken Saro-Wiwa ya yi ta faɗar abin da malalar mai da ƙona iskar gas suka yi wa ƙasar Ogoni, har gwamnatin Abacha ta rataye shi da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995. A shekara ta 2000 aka yi taron farko mai ɗauke da sunan adalcin yanayi a birnin Heg, a gefen babban taron gwamnatoci, a 2002 kuma ƙungiyoyi suka fitar da ƙa'idojin Bali na adalcin yanayi. Maganar a taƙaice ita ce: wanda ya ɓata ba shi ke ɗanɗana kuɗarta ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma fari da ambaliya sun fi sanin ƙofarta. A Kofenhegen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ko a lissafin su kansu, sai 2022 kuɗin ya cika, kuma kaso mai yawa bashi ne. Matashin da aka koya wa wannan tarihi ba ya fita daga aji da sanyin rai. Ilimin kansa ne ke hura wutar.

Daga Agustan 2018, da Greta Thunberg ta zauna a ƙofar majalisar Suwidin tana da shekara 15, abin ya zama ruwan dare. Vanessa Nakate ta fara tsayawa da kwali a titunan Kampala a farkon 2019, wasu lokuta ita kaɗai. A Najeriya Adenike Oladosu ta ɗauki zancen Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 kafin ya janye ya bar ɗan kaɗan. To, a nan ne aka fara ganin abin da aikin ke yi wa masu yin sa. A Janairun 2020 a taron tattalin arziki na Dabos a Suwizalan, kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da hoton matasa masu fafutuka, aka yanke Nakate, baƙar fata ɗaya tilo a cikinsu, aka bar Turawa huɗu. Ta yi bidiyo tana kuka. Kamfanin ya ba da haƙuri. A 2021 'yan sandan Indiya suka kama Disha Ravi mai shekara 22 a kan wata takardar tsara zanga-zanga. A Yuganda an sha tsare ɗalibai masu adawa da bututun mai da zai ratsa zuwa Tanzaniya. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare ƙasa da muhalli 196 da aka kashe a 2023 kaɗai. Ga zagi a intanet, ga iyaye na tambayar yaushe za a nemi aikin yi. Da yawa sun ajiye kwalin shiru, ba sallama.

Masana sun daɗe suna laluben suna ga wannan ciwo. Joanna Macy, wata Ba'amurkiya, tun zamanin fargabar makaman nukiliya ta riƙa tara mutane su faɗi abin da ke cin su kafin su koma fagen fama. Glenn Albrecht na Ostareliya ya ƙirƙiro kalma don baƙin cikin mutumin da ƙasarsa ta lalace yana zaune a cikinta, wato kewar gida alhali kana gida. A 2021 mujallar Lancet Planetary Health ta buga binciken da ya sa kowa ya waiwayo: matasa 10,000 masu shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe goma, har da Najeriya. Kashi 59 cikin 100 suka ce suna cikin matsananciyar damuwa, kashi 75 suka ce gaba abin tsoro ce, kashi 45 suka ce abin na taɓa musu barci, ci, karatu ko aiki. Matasan Filifins da Indiya da Najeriya sun fi na Amurka da Ingila kukan wannan na ƙarshe, nesa ba kusa ba.

Shi ya sa taron bita na yau ya sauya kama. Bayan darasin kimiyya da na shari'a, akan ja kujeru a yi da'ira, a kawo shayi, kowa ya faɗi abin da ke ransa, ba mai katse shi, ba mai ba shi shawara. Ana koyar da rabon aiki don kada mutum ɗaya ya zama jakin ƙungiya, da gane alamun gajiyar zuciya a fuskar abokin aiki, da sanin ranar da za a kashe waya. A Amurka Good Grief Network ta tsara matakai goma, ta aro salon daga ƙungiyoyin masu barin shaye-shaye. A Legas, Jennifer Uchendu, wadda ta kafa SustyVibes a 2016, ta buɗe wani shiri a 2022 musamman don damuwar yanayi a tsakanin 'yan Afirka.

Inda nake da ja shi ne, yawancin kayan koyarwar an ɗinka su ne a jikin yaron da ke tsoron abin da zai faru nan da shekara talatin. Saurayin Maiduguri da ya kwana yana fito da tsofaffi a kwalekwale bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 ba gobe yake tsoro ba, jiya ce ta hana shi barci. Haka wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta ci rai sama da 600 a Najeriya, ko ta Mokwa a Mayun 2025. Ka ce masa ya rufe ido ya ja numfashi, zai ja, amma gidan nasu na nan a rushe. Kuma mu da muka tashi da "a yi haƙuri" mun san kalmar tana da fuska biyu: akwai haƙurin da ke riƙe mutum a tsaye, akwai wanda ake cusa wa wanda aka zalunta don ya yi shiru. Horon da ya raba juriya da neman haƙƙi, na biyun yake koyarwa ko da bai sani ba.

Sannan ina likitocin? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Abin da ke hannu shi ne abin da aka gada: zaman makoki, jaje, majalisar ƙofar gida, malamin da ake kai wa kuka, aikin gayya. Mai horarwa mai wayo daga nan yake farawa.

A ɓangaren haƙƙin, tafiyar hawainiya ake yi. Asusun asara da ɓarna, na tallafa wa ƙasashen da bala'in yanayi ya ɗaiɗaita, irin abin da Saño ya yi wa azumi, sai a 2022 aka amince da shi a taron Sharm el-Sheikh na Masar, alƙawuran farko a Dubai ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba. A 2019 wasu ɗaliban shari'a a Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Banuwatu suka fara neman a kai maganar Kotun Duniya. Sun gama karatu, wasu sun kama aiki, suna ta bin ofisoshin jakadanci. Ranar 23 ga Yuli, 2025, shekara shida bayan sun fara, kotun ta ce kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda ta saɓa ana iya bin ta diyya.