Shakespeare Bai Ci Kuɗin Haƙƙin Mallaka Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, ya yi arziki ne da kuɗin haƙƙin wasanninsa, wato duk lokacin da aka hau dandamali sai a miƙa masa kasonsa. Sam, ba haka ba ne.

A Ingila ta zamaninsa, marubuci yakan sayar wa ƙungiyar 'yan wasa rubutunsa, sau ɗaya, shi ke nan. Littafin lissafin Philip Henslowe, mai gidan wasan Rose, ya nuna ana biyan wajen fam 6 a kan wasa. Daga nan wasan ya zama na ƙungiyar. Su kuwa masu buga littattafai, rajistar da suke yi a ƙungiyarsu ta Stationers' Company kansu take karewa, ba marubucin ba.

To ina Shakespeare ya samu dukiyarsa? Yana da hannun jari a ƙungiyar 'yan wasan da yake rubuta wa da kuma gidan wasan Globe, don haka kuɗin ƙofa yake ci.

Ya rasu a 1616. Dokar haƙƙin mallaka ta Sarauniya Anne ta zo a 1710, ita ma kan buga littafi ta tsaya. Sai 1833 marubucin wasa a Ingila ya samu ikon hana a nuna wasansa ba da izininsa ba. Faransa ta riga ta, tun 1791.