Ku sha zobonku, amma kada ku ajiye maganin hawan jini

Jama'a, abin nan ya ishe ni. Mako ba ya wucewa ba a kawo mana asibiti wani dattijo ko wata uwa ba, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, harshe ya yi nauyi. Ka tambayi masu jinya yaushe rabonsa da magani, sai su sunkuyar da kai: "Ai ya koma shan zobo, an ce yana saukar da jini." Wa ya ce? Wani a WhatsApp, ko wata maƙwabciya.

Ni ba maƙiyin yakuwa ba ne, da ita muka tashi. Ganyenta a miya da fate, 'ya'yanta a daddawar batso, soborodonta kuma ga shi manoman Jigawa suna nomawa ana lodinsa har Meksiko. Mutanen Sudan na shan sa da sunan karkade, 'yan Ghana su ce sobolo. Kuma gaskiya ne yana ɗan rage hawan jini. A shekarar 2010 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun fitar da gwajin da suka yi da mutum 65: waɗanda suka sha kofi uku kullum na tsawon mako shida, lambar sama ta awon jini ta ragu musu da kusan 7. Bakwai fa! Su ma ɗin masu jininsu ya ɗan hau ne kaɗan. To Baba, kai da muka auna ka 180 bisa 110, in an cire bakwai me ya rage?

Abin da ke yaudarar ku shi ne cutar ba ta ciwo. "Ina jin garau, likita." Garau ɗin nan maganin ne ya kawo shi. Ka ajiye ƙwayar hawan jininka, irin su amlodipine, yau, jinin ya koma sama a ɓoye, yana cin ƙoda da idanu, ranar da zai nuna kansa kuma shanyewar ɓarin jiki ce. Haba Hajiya, ke da kike zuba sukari cokali huɗu a jug, ga ciwon sukari kina fama da shi, sannan ki kira shi magani?

Na san kuɗin magani ya yi tsada, wallahi na sani. Ku zo ku faɗa mana, sau da yawa akwai mai sauƙin kuɗi da za a canja muku. Ba ma jin haushin wanda ya ce ba shi da hali. Wanda ya daina shiru shi ke tayar mana da hankali.

Wasu har jan furen ado da ake shukawa a gaban ofisoshi suke tsinka su dafa. Danginta ne, amma ba yakuwa ba ce, kuma ana fesa masa maganin ƙwari. Haka furen wardi na masu lambu a bakin titi.

Saboda haka:
- Magani kullum, ko kana jin lafiya.
- Mai shan zobo da yawa ya faɗa mana, don haɗe da magani jini kan iya sauka fiye da kima, jiri ya kwashe shi.
- Rage sukari, rage gishiri da dunƙule.
- Mai ciki ta tambayi unguwarzoma kafin ta mai da shi abin shan yau da gobe.
- Baki ya karkace ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.