Jack Elam, mai fuskar mugun kaboyi

Duk wanda ya sha kallon finafinan kaboyi ya san fuskar nan, ido ɗaya na kallonka ɗayan ya yi wani waje daban, amma da wuya ka samu wanda ya riƙe sunansa. Jack Elam kenan, an haife shi a 1920 a jihar Arizona ta Amurka, kuma tun yana yaro fensir ya soke masa idon hagu, idon ya mutu.

Shi fa asali akanta ne, lissafin kuɗi yake yi wa kamfanonin fim a Holiwud, sai likita ya gargaɗe shi cewa duban lambobin nan zai iya cinye idon da ya rage, shi ne ya ajiye biro ya koma gaban kyamara wajen 1949. Daraktoci na ganin fuskar suka ce ai ga mugu ya zo da kansa. A fim ɗin Rawhide na 1951 ya fito ɗan fashi marar imani, daga nan kuma shikenan, yau yaron bos gobe ɓarawon shanu, jarumi ya harbe shi a biya shi kuɗinsa ya wuce wani fim ɗin.

Talabijin ce ta ƙara masa kasuwa, don ƙarshen shekarun 1950 shirye-shiryen kaboyi sun cika tashoshin Amurka, kowane sati ana buƙatar sabon mugun da za a kashe, jarumi dai ɗaya ne ba ya mutuwa. Shirin Gunsmoke kaɗai ya shiga sau da dama, kowane zuwa da sabon suna. A 1963 aka ba shi ɗan sanda a The Dakotas, shirin bai yi nisa ba aka soke.

Ni dai a ganina aikinsa mafi kyau shi ne farkon Once Upon a Time in the West na 1968, yana zaune a tashar jirgin ƙasa ƙuda na damunsa a fuska, mintuna ana tafiya kusan ba magana, har ya rufe ƙudan cikin bakin bindiga, kafin jarumin fim ɗin, Charles Bronson, ya sauka daga jirgi ya gama da shi da abokansa biyu. Shekara ɗaya bayan nan Support Your Local Sheriff ya juya shi ɗan barkwanci, idon da ake tsoro ya koma abin dariya, a haka ya ci sauran shekarunsa na fim. Ya rasu a 2003 a Oregon.