Waiwaye: Yadda aka fara renon ƙwayoyin tushe a kan firam ɗin roba

A 1993 ne Robert Langer na jami'ar MIT da likita Joseph Vacanti suka fitar da maƙalar da ta kafa fannin gina naman jiki a ɗakin gwaji a mujallar Science. Tunaninsu shi ne a gina firam da robar da jiki ke iya narkarwa, a shuka ƙwayoyin halitta a kai, su yi tsoka ko ƙashi, firam ɗin ya ɓace, kamar yadda ake cire katako bayan kankaren rufi ya kama.

Firam na farko da hannu ake yin su: a cuɗa gishiri da roba, ta daskare, a wanke gishirin ya bar ramuka. Ramukan ba su da tsari, wasu ma ba su haɗu da juna. Wajajen 2000, Dietmar Hutmacher da abokan aikinsa a Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka koma ga na'urar da ke narkar da zaren roba tana jera shi hawa-hawa, wato tana buga firam ɗin. Sun zaɓi robar PCL, wadda ke narkewa a kusan digiri 60, kuma takan yi shekara biyu ko fiye kafin jiki ya cinye ta. Wata roba mai suna PLGA ta fi saurin narkewa, sai dai tana sakin asid mai cutar da ƙwayoyin da ke kusa.

Su kuwa ƙwayoyin tushe na ɓargo, wato ƙwayoyin halitta da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki, tun shekarun 1960 Alexander Friedenstein yake nazarinsu a Mosko. A 1999 aka nuna na ɗan Adam suna iya zama ƙashi, guringuntsi ko kitse. Shinya Yamanaka ya ƙara buɗe hanya a 2006, da ya mayar da ƙwayoyin ɓera da suka riga suka girma zuwa ƙwayoyin tushe.

A ɗakin gwaji ne wahalar take. PCL ba ta shan ruwa, don haka ƙwayoyi ba sa kama ta sai an jiƙa ta cikin sinadarin NaOH ko an shafe ta da kolajin, wani furotin na jiki. Tukunyar tururi ta digiri 121 narkar da ita za ta yi, shi ya sa ake tsabtace ta da etanol mai ƙarfin kashi 70 ko hasken gama. Ƙashi yana son ramuka masu faɗin maikiromita 300 zuwa sama (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), amma ta irin waɗannan ramukan ne ƙwayoyin ke zubewa su kwanta a gindin faranti. Maganinsa a ɗiga su cikin ɗan ruwa kaɗan, a bar su awa biyu zuwa huɗu a digiri 37 su kama, sannan a cika ruwan reno. Idan ƙashi ake so, a ƙara deksametason, bitamin C da beta-giliserofosfet, a jira mako uku, a rina da jan alizarin don ganin ko kalsiyam ya taru.

Abin da na'ura ba ta warware ba shi ne jini. Iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da maikiromita 200, saboda haka firam mai kauri yakan rayu a gefe, tsakiyarsa ta mutu. A 2016 ƙungiyar Anthony Atala ta cibiyar Wake Forest a Amurka ta bar ƙananan hanyoyin ruwa a cikin abin da ta buga, ta gwada a jikin ɓeraye.

Gaggawa kuma ta ci rayuka. Daga 2011 likita Paolo Macchiarini ya dasa wa majinyata bututun iska na roba, wanda ba na'ura ta buga ba, da ƙwayoyin ɓargo a kai, ba tare da isasshen gwaji a dabbobi ba. Yawancin majinyatan sun mutu, kotun ɗaukaka ƙara ta Suwidin ta yanke masa ɗauri a 2023. Abin lura, waɗanda suka yi wa majinyata amfani sosai firam ne marasa ƙwayoyi: matoshin PCL na kamfanin Osteopore da ake rufe hujin ƙoƙon kai da shi, da matokarin da ke hana bututun iska rufewa da likitocin Jami'ar Mishigan suka buga wa wani jariri, suka ba da rahotonsa a 2013.